Zaɓen Gilashi Mai Jure Wuta Domin Benayen Kasuwanci

Darasi ga 'yan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, da magina na yankin Kadawa, Kura da Bunkure

Gabatarwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, arzikin wannan yanki ya sake kama. Ƙasar da a dā ba a nomanta sai da damina, yanzu tana ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Injinan casar shinkafa sun yawaita a Kura, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta kan cika da rani, a shekarar 2016 kuma aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa.

Wanda Allah ya buɗa masa ta wannan hanya, sau da yawa ya kan sa ribarsa cikin gini. Wani ya ɗora bene mai hawa uku ko huɗu a bakin hanyar Kano zuwa Zariya, wani kuma ya nemi fili a birnin Kano ya ɗora wanda ya fi haka tsawo, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Ginin zamani kuwa ba ya rabuwa da gilashi: a gaban shago, a ƙofofi, a jikin matakala, har akwai wanda a ke lulluɓe fuskarsa duka da shi.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna muku cewa ba da ido a ke zaɓen gilashin bene ba, ba kuma da kauri ba. Da abu biyu a ke zaɓensa: wurin da za a sa shi, da yawan mintocin da a ke so ya tare wuta har mutanen da ke ciki su fita. A karanta a hankali, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba, gama in kunne ya ji, jiki ya tsira.

1. Abin da wuta ke yi wa gilashi

Gilashi ba ya cin wuta, wannan gaskiya ne. Daga nan ne mutane da yawa su ke ruɗuwa, su ce tun da ba ya ƙonewa, ai zai tare gobara. To, ba haka ba ne.

Yawancin gilashin taga da a ke sayarwa a kasuwa, da hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a shekarar 1959 a ke yinsa, watau a zuba narkakken gilashi bisa narkakkiyar kuza ya shimfiɗu sumul. Yana da kyau, yana da araha, amma ba ya jure bambancin zafi. Sa'ad da wuta ta haska shi, tsakiyarsa ta kan yi zafi ta nemi buɗewa, gefensa kuwa da ke ɓoye cikin firam yana nan da sanyinsa. In bambancin ya kai kamar digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sai ya tsage daga gefe. Cikin mintoci kaɗan na farkon gobara ya kan tsattsage ya zube.

Zubewarsa tana jawo ɓarna uku. Ta fari, iska ta samu hanyar shiga, wutar da ta fara shaƙewa ta farfaɗo. Ta biyu, hayaƙi ya samu hanyar fita zuwa baranda da matakala, hayaƙi kuwa shi ya fi kashe mutane a gobara, ba harshen wuta ba. Ta uku, harshen wuta ya fita ta taga ya lashi tagar hawa na sama, ita ma ta fashe, wutar ta hau bene tana tsallake hawa bayan hawa.

Akwai iri biyu da a kan ɗauka cewa sun tsira daga wannan, alhali ba su tsira ba. Na ɗaya shi ne ƙarfafaffen gilashi, irin na tagar gefen mota, wanda in ya fashe ya kan zama tsaki-tsaki. Ya fi na kullum jure duka da zafi, amma ran da ya gaza, gaba ɗaya ya ke zubewa ya bar taga a hangame. Na biyu shi ne mai ruɓi biyu da roba a tsakani, irin na gaban mota. Yana hana rauni, yana wahalar da ɓarawo, amma wuta tana narkar da robar. Duka biyu an yi su ne domin kada su yanki mutum. Wannan aiki dabam, tare wuta dabam.

2. Darasin fangali

Manomin rani ba ya bukatar dogon bayani game da yadda a ke tsare bene daga gobara, domin kullum yana yin irin wannan aiki a gonarsa. Ba ya sakin ruwa ya malale gona yadda ya ga dama. Ya kan raba ta fangali-fangali, kowane da gaɓarsa, ya buɗe wa wannan, ya toshe wa wancan. Ya kuma san cewa komi kyawun gaɓa, in ɓera ya huda wuri guda, ta nan ruwan zai tsere.

Haka masana gini su ke yi da wuta. Su kan raba bene kashi-kashi da bango da daɓen kankare, yadda in wuta ta tashi a shago ɗaya za ta daɗe a tsare a nan. Matakala kuma a kewaye ta da bango, ta zama kamar babbar hanyar ruwa wadda ba a yarda komi ya toshe ta ba, gama ita ce hanyar tsira. Kakanninmu ma sun san wannan hikima, shi ya sa su ke gina rumbu nesa da madafa, mai hali kuma ya ajiye dukiyarsa cikin soro, ba cikin ɗakin jinka ba.

Bangon bulo da aka yi da kyau yana tare wuta lokaci mai tsawo. Amma duk inda aka huda shi aka sa gilashin kullum, an yi ramin ɓera ke nan a jikin gaɓa. Aikin gilashi mai jure wuta shi ne ya bar haske ya wuce, ya kuma tsaya a matsayin bangon da aka cire.

3. Abin da ya faru a wasu wurare

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta cinye shaguna fiye da 3,000. Wannan a ƙasa ne, inda mutum zai iya gudu ta kowace fuska. A bene kuwa hanya ɗaya ce ko biyu.

Dogayen benayen Nijeriya sun sha gobara. A watan Janairu 1983 wuta ta kama benen kamfanin sadarwa na NET a Legas, mai hawa 32. Ran 9 ga Janairu 1985 ta kama Gidan Koko na Ibadan, mai hawa 26, wanda aka gama tun 1965, aka yi shekaru kafin a sake buɗe shi. Ran 16 ga Satumba 2025 kuma wuta ta tashi a ɗakin batura da ke ƙarƙashin benen Afriland, a titin Broad na Legas. Benen bai kai hawa 10 ba, amma hayaƙi ya cika shi, har mutane su ka riƙa fita ta tagogi, aka rasa rayuka 10. Ku lura da wannan, domin batura da janareta yanzu suna cikin kusan kowane ginin kasuwanci.

Misalin da ya fi nuna halin gilashi shi ne na wani benen banki mai hawa 62 a birnin Los Anjalis na Amurka, ran 4 ga Mayu 1988. Wutar ta tashi a hawa na 12. Tagogi su ka fashe, harshen wuta ya riƙa fita yana komawa ta tagogin sama, yana kuma bin ratar da ke tsakanin daɓen kankare da bangon gilashi, har ta kai hawa na 16. Gilashin da ke zubowa daga sama ya riƙa yanke mesar ruwan 'yan kwana-kwana a ƙasa. Mutum ɗaya ya rasu. Dare ne, ma'aikata sun tashi. Da rana ce, da abin ya fi haka muni.

4. Yadda a ke gwada gilashi, da ma'anar haruffa

Ba a kiran gilashi mai jure wuta sai an gwada shi. A kan ɗaura shi cikin firam ɗinsa a bakin wani babban tanderu, a hura wuta bisa ƙa'idar da ƙasashen duniya su ka yarda da ita, mai lamba ISO 834. Ga yadda zafin tanderun ke hawa:

Bayan minti 5, digiri 576.
Bayan minti 10, digiri 678.
Bayan minti 30, digiri 842.
Bayan minti 60, digiri 945.
Bayan minti 120, digiri 1,049.

Masu gwaji suna tsaye da agogo. Gilashin da ya cika minti 30 a ba shi lamba 30, wanda ya cika sa'a guda a ba shi 60, haka har 90 da 120. Sa'an nan a haɗa lambar da haruffa, bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 13501-2. Haruffan nan su ne zuciyar wannan darasi, a haddace su.

E. Wannan yana tsayawa a wurinsa, ya hana harshen wuta da hayaƙi wucewa. Amma hucin wuta yana ratsa shi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da maƙera ya san cewa ba sai wuta ta taɓa mutum ta ke gasa shi ba. Hucin da ke ratsa gilashin E ya isa ya kunna buhu ko labule da ke kusa, ya kuma hana mutum wucewa ta gabansa.

EW. Wannan yana yin aikin E, yana kuma rage huci, yadda a nisan mita 1 ba zai wuce kilowat 15 bisa kowace murabba'in mita ba. Don a gane, zafin rana tsaka kimanin kilowat 1 ne. Ashe ke nan ya rage ne kawai, bai kawar ba.

EI. Wannan shi ne cikakke. Yana tare harshen wuta, da hayaƙi, da zafin kansa. Ƙa'idarsa ita ce, fuskar da ba ta kallon wuta kada matsakaicin zafinta ya ƙaru da fiye da digiri 140, kada kuma wani wuri a jikinta ya ƙaru da fiye da digiri 180. Mutane za su iya wucewa ta gabansa alhali wuta na ci a bayansa.

Saboda haka in kun ga EI 60, ma'anarsa gilashin da ke tare wuta da zafinta har sa'a guda. In kun ga E 30, yana tare harshen wuta da hayaƙi rabin sa'a, ban da zafi. Za ku iya tarar da takardun da ke ambaton tsohuwar ƙa'idar Ingila, BS 476 kashi na 22, ko ta Amurka, ASTM E119. Lambobi sun bambanta, amma tambayar ɗaya ce: me ya ke tarewa, kuma har minti nawa?

5. Ire-iren gilashi mai jure wuta

Mai waya. Shi ne mafi daɗewa. Wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya yi rajistar hanyar yinsa a shekarar 1892, kuma za ku gan shi a ƙofofin tsofaffin ofisoshi da asibitoci. Wuta tana tsaga shi, amma wayar tana riƙe gutsattsarin. Galibi E 30 ne. Yana da araha, ana kuma iya yanka shi. Aibinsa shi ne wayar ba ta ƙara masa ƙarfi, rage masa ta ke yi, in yaro ya faɗa masa hannu ya shige, raunin ya kan yi muni.

Ƙarfafaffe na musamman. Wannan an gyara gefensa, an ƙarfafa shi fiye da na kullum, an kuma gwada shi a tanderu. Yawanci E 30 ne, wasu su kai 60. Da ido ba za a bambanta shi da ƙarfafaffen gilashin kasuwa ba, sai da tambari. A nan ne algus ya fi sauƙi.

Borosilika. Irin gilashin kwalaben ɗakin gwaje-gwaje ne, wanda Otto Schott ya ƙirƙiro a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Buɗewar da ya ke yi in ya ji zafi kamar sulusin ta gilashin kullum ce, don haka ba ya saurin tsagewa. Yana iya kai E 60 har sama.

Gilashin tangaran. Donald Stookey na kamfanin Corning a Amurka ya gano shi a shekarar 1953. Kusan ba ya buɗewa ko kaɗan, har ana iya watsa masa ruwan sanyi yana da zafi bai fashe ba. Amma shi ma huci yana ratsa shi.

Mai kumfa. Shi kaɗai ke kai matsayin EI. Falle-fallen gilashi ne aka jera, tsakaninsu da wani magani garai-garai mai ruwa a jikinsa. In zafi ya kai kimanin digiri 120, fallen da ke fuskantar wuta ya tsage, maganin ya kumbura ya zama farar kumfa mai tauri, ta tare zafi, ta kuma rufe ganin wutar, abin da ke rage firgita. In wuta ta cinye wannan, na bayansa ya kumbura. Pyrostop da Pyrobel da Contraflam suna cikin sunayen da aka sani. Yana da kauri da nauyi: EI 30 ya kan yi kamar milimita 15, EI 60 kamar milimita 23, mai nauyin kilo 55 a kowace murabba'in mita. Falle mai murabba'in mita 2 ya fi buhun shinkafa mai kilo 100 nauyi. Tilas mai zanen gini ya san da wannan tun kafin a zuba kankare.

6. Wane gilashi, a wane wuri

Kada wani ya tsorata ya ce sai an lulluɓe bene duka da wannan gilashi mai tsada. Ba a bukatar haka. Wuraren da ke bukatarsa ƙididdigaggu ne.

Mu ɗauka, alal misali, wani ɗan kasuwa zai gina bene mai hawa huɗu a Kura. A ƙasa akwai shagunan taki da maganin feshi da kayan injin ban ruwa, da ɗakin janareta da batura. A sama akwai ofisoshi, da ɗakin taro na ƙungiyar manoma a hawa na ƙarshe. Wuta ta fi yiwuwa ta tashi a ƙasa, mutane kuwa sun fi yawa a sama. To, ga yadda ya kamata ya yi tunani.

Matakala da barandar da ke kai wa gare ta: duk gilashin da ke tsakaninsu da shago ko ofis ya zama EI, domin ta gabansa mutane za su bi.

Ƙaramar tagar leƙe a jikin ƙofar matakala: E ya kan isa, in ba ta wuce girman da aka gwada ƙofar da shi ba.

Ɗakin janareta da batura, da ma'ajiyar mai ko buhuna: gwamma bangon bulo ba taga ta ciki ko ɗaya. Gilashin da ba a sa ba, ba ya fashewa.

Tagar da ke kallon ginin maƙwabci a kurkusa, ko wadda ke kusa da matakalar waje: EW ko EI, gwargwadon nisa.

Fuskar bene da ke kallon titi: gilashin kullum mai hana rauni ya kan isa, muddin an kiyaye abu biyu. Na fari, a bar bango tsakanin tagar ƙasa da ta sama. Dokar gini ta Amurka ta ce ƙafa 3 ga benen da ya wuce hawa uku wanda ba shi da famfunan yayyafin ruwa masu buɗe kansu. Na biyu, in bangon gilashi ne tun daga ƙasa har sama, a cushe ratar da ke tsakaninsa da kowane daɓe da audugar dutse wadda ba ta cin wuta. Wannan rata ce wuta ta bi a Los Anjalis.

Batun mintoci kuwa, tsawon bene ne ke yanke shi. A jagorar gini ta Ingila, ofisoshin da daɓensu na ƙarshe bai wuce mita 5 daga ƙasa ba minti 30 a ke nema, har zuwa mita 18 minti 60, har zuwa mita 30 minti 90, abin da ya wuce haka minti 120 tare da famfunan yayyafi. Mu kuma sai mu ƙara da namu lissafi: minti nawa motar 'yan kwana-kwana za ta yi kafin ta iso, ina kuma za ta sake ɗebo ruwa? Wanda ginin sa ke nesa da tasharsu, kada ya tsaya bisa mafi ƙanƙanta.

7. Gilashi da firam abu guda ne

Ƙofar ruwa komi ƙarfinta, in ginin da ke riƙe da ita ya rushe, ba ta da amfani. Firam ɗin alminiyam na kullum yana narkewa a digiri 660, kun kuwa gani a sama cewa tanderun gwaji ya wuce haka cikin minti 10. Wanda ya sayi gilashin EI 60 ya ɗaura shi cikin irin wannan firam, ya sayi minti 60 ne ya zubar da 50.

Firam ɗin da ya dace shi ne wanda aka gwada gilashin a cikinsa: na ƙarfe, ko na katako mai tauri da kauri, ko alminiyam na musamman da aka cusa wa abin da ke tare zafi. Haka nan abin da a ke liƙe gefe da shi, da ƙusoshi, da zurfin da gilashin zai shiga cikin firam, da ratar da a ke bari domin buɗewa, duk a rubuce su ke cikin takardar gwaji, ba a sake ko ɗaya. Takardar tana faɗin iyakar girman falle. Wanda ya fi haka girma, ba shi aka gwada ba.

Ƙofa kuma sai da na'urar da ke mai da ita ta rufe kanta. Ƙofar matakala da aka tokare da dutse domin shan iska, daidai ta ke da babu.

8. Zafin ƙasarmu da danshinta

Ga wani abu da ya shafe mu fiye da ƙasashen da a ke yin wannan gilashi. Masu yin gilashi mai kumfa su kan gargaɗi cewa kada zafin maganin da ke cikinsa ya wuce kimanin digiri 50, kada hasken rana ya riƙa dukansa kai tsaye, kada kuma ruwa ya taɓa gefensa. A ƙasar Kano kuwa zafin bazara ya kan kai digiri 40 a inuwa, gilashin da ke kallon yamma ya fi haka nesa. A yankin ban ruwa kuma ƙasa ba ta rabuwa da danshi. In an yi sakaci, maganin ya kan yi ƙuraje ko hazo, gilashin ya lalace tun wuta ba ta zo ba. Don haka a kiyaye waɗannan:

In a bangon waje za a sa shi, a faɗa wa mai sayarwa tun farko, ya kawo irin na waje, wanda ke da falle mai tare zafin rana a gabansa. A kuma duba wace fuska ce ta waje, gama ba a juya shi.

In an kawo shi wurin aiki, a jingine shi a tsaye cikin ɗaki mai inuwa, bisa katako. Kada a bar shi a bayan mota ko ƙarƙashin tamfol a rana.

Kada a ɓare tef ɗin da ke gefensa. Shi ke hana danshi shiga.

Kada a ba mai yankan gilashi na kasuwa ya rage shi. Ƙarfafaffe ba ya yankuwa sam, mai kumfa kuwa sai a masana'anta. A auna sau biyu kafin a yi oda.

Kada a liƙa masa takardar talla, ko leda mai duhu, ko fenti, sai da iznin masu yinsa.

Ƙurar hunturu a wanke ta da ruwa da tsumma mai laushi. Kankara da reza tana raunana ƙarfafaffen gilashi.

9. Wajen saye

Kowane falle na gaskiya yana da tambari a kusurwarsa wanda ba ya gogewa, mai nuna sunan masu yi, da sunan gilashin, da matsayinsa ko lambar ƙa'idarsa. A tabbata tambarin yana bayyane bayan an ɗaura. Takarda mai manne ba tambari ba ce.

A nemi takardar gwaji, a ba injiniya ya gwama ta da abin da aka kawo: suna, da kauri, da girma, da irin firam. Kayan da aka shigo da su daga waje, a nemi shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. A yi aiki da mai zanen gini da injiniya masu rajista, waɗanda su ka san Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na shekarar 2006. A kai zane wurin Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, KNUPDA, ko hukumar da ke da iko a wurin, a kuma nemi shawarar Hukumar Kashe Gobara ta Jiha tun gini yana bisa takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gilashi mai jure wuta ya fi na kullum tsada ƙwarai, ba mai musun wannan. In wani ya kawo muku shi da araha mai ban mamaki, ku tuna araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai hanyar da ba ta da haɗari: ya rage faɗin gilashin, ya cike sauran da bulo. Ƙaramar taga ta gaskiya ta fi babban bango na jabu.

A kuma sani gilashi lokaci kawai ya ke saya wa mutane. Ba ya kashe wuta. Ba ya ɗauke wa mai gini wajibin yin matakala ta biyu, da ƙararrawar hayaƙi, da tukwanen kashe wuta, da wayoyin lantarki masu kyau, da ƙarfen taga wanda a ke iya buɗewa daga ciki.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa gilashin kullum ke tsagewa daga gefe sa'ad da wuta ta haska shi?
2. Mene ne bambancin E 30 da EI 30? Wanne za ku sa a jikin matakala?
3. A digiri nawa alminiyam ke narkewa, kuma cikin minti nawa tanderun gwaji ke wuce haka?
4. Faɗi abu uku da ke lalata gilashi mai kumfa kafin a ɗaura shi.
5. Ku zaga wani bene da ku ka sani. In wuta ta tashi a shagon ƙasa, ta ina hayaƙi zai shiga matakala?

Kammalawa

Mai bene yana iya kwana a gidansa, amma masu haya, da ma'aikatansu, da masu zuwa ciniki, amana ce a wuyansa. Ba su ga takardar gwaji ba, ba su san abin da ke cikin firam ba, sun dai hau bisa yarda. Kafin ku biya kuɗin kowane falle, ku tambayi abu uku: ina za a sa shi, wane harafi da wace lamba ke jikinsa, kuma cikin wane firam aka gwada shi. Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya sa albarka cikin abin da mu ka noma da abin da mu ka gina, amin.